Rawar Ɗari: Wutar da Jiki Ke Hura wa Kansa

Lacca ga jama'ar Gwaram da kewaye, a tsakiyar hunturu



Yaya muka ji da sanyi? Na san amsar da za ku ba ni: lokacinsa ne.

Bahaushe yana da rawa iri-iri da ba a yi musu kiɗa. Akwai rawar jiki, ta mai zumuɗi. Akwai rawar kai, wadda ake yi wa yaro faɗa a kanta. Akwai kuma rawar ɗari, wadda ba ta san sarki ba, ba ta san talaka ba. Ɗazu a bakin ƙofa na ga wani dattijo riƙe da kofin shayi, cokali yana ta buga gefen kofin shi kaɗai, shi kuma yana ƙoƙarin danne hannunsa don kada yara su gani. Mu maza muna jin kunyar wannan rawa, muna ɗaukarta ragwanci. To, yau ita na zo in wanke. Ina so kafin mu tashi mu fahimci abin da take yi mana, abin da take ci a jikinmu, sannan mu san waɗanda ba su da ita, don su ne suka fi bukatar idonmu a wannan lokaci.

Me ya sa asubar hunturu take cizo?

Iskar hunturu daga arewa maso gabas take fitowa, ta ratso Sahara, ta kwaso ƙura, musamman daga wani ƙaton kwari da ake kira Bodele a arewacin Chadi. Takan fara daga ƙarshen Nuwamba ta kai mu Fabrairu, wani lokaci har cikin Maris. Babban halinta shi ne bushewa. Da damina gajimare da danshin iska suna yi wa ƙasa bargo, zafin da ta sha da rana ba ya saurin guduwa. Da hunturu an yaye wannan bargon. Rana na faɗuwa, ƙasa da duwatsu sai su fara sakin zafinsu zuwa sama, babu abin da ke tare shi, har gari ya waye. Shi ya sa sanyi ya fi tsanani gab da fitowar rana, daidai lokacin da ladan ke kira.

A yankinmu, cikin Disamba da Janairu, ma'auni kan sauka wajen digiri 13 da asuba, wasu ranakun ma ƙasa da haka, amma kafin la'asar ya haura kusan 30. Iska mai sanyi ta fi mai zafi nauyi, don haka gangarowa take yi ta kwanta a kwari. Duk mai lambu a fadama ya san wannan: da ka sauka daga tudu da sassafe, sai ka ji kamar ka shiga wani gari.

Bature da ya saba da ƙanƙara zai ji digiri 13 ya yi dariya. Amma shi yana da ɗaki mai ɗumi da riga bisa riga. Mu ɗakinmu na kwano ne, taga ba gilashi, tabarma a kan siminti, yaro kuma da 'yar shara. Sanyi ba sai ya daskarar da ruwa yake illa ba.

Murhun da ke cikinmu

Da sanyin safiya ake kama fara. Wanda ya fara faɗin wannan magana ya lura da kyau. Fara ba ta da wutar kanta. Idan gari ya yi sanyi, jikinta ma ya yi sanyi, fiffike ya ƙi tashi, sai a tsince ta da hannu. Haka ƙadangare: ku dube shi da hantsi a kan dutse, ya baje yana jiran rana ta ba shi aron zafi kafin ya iya farauta.

Ɗan Adam ba haka yake ba. Ko ana zafin Afrilu ko ana jaura, cikin jikinsa yana nan wajen digiri 37 a ma'aunin Selsiyos. Wani likitan Jamus, Karl Wundalik, shi ya shahara da tsayar da wannan adadi a littafin da ya fitar a 1868, bayan ya auna marasa lafiya masu ɗimbin yawa. Zuciya, ƙwaƙwalwa, hanta da ƙoda duk a wannan ɗumi suke aiki daidai. Idan zafin ciki ya faɗo ƙasa da 35, an shiga hatsari. Ku lura da ƙanƙantar tazarar: digiri biyu kacal.

Daga ina wannan zafi yake zuwa? Daga akushi. Sama da shekara 200 da suka wuce, wasu masana biyu a Faransa, Labuwaziye da Laflas, sun sa ɓeran Masar a cikin wani mazubi da ƙanƙara ta kewaye, suka auna ruwan da ɗumin jikinsa ya narkar, suka kuma auna iskar da yake fitarwa. Sai suka gane cewa abin da ke faruwa a jikin dabba ɗan'uwan abin da ke faruwa a murhu ne: abinci ne itacen, iskar da muke shaƙa ce ke hura shi, sai dai ana cin wutar a hankali, ba harshe ba hayaƙi. Babban mutum da ke zaune ba ya komai yana fitar da zafi kusan na tsohon ƙwan lantarki mai wat 100, irin wanda ba a iya taɓawa idan ya daɗe a kunne. Shi ya sa zauren nan, da muka cika shi, ya fi waje ɗumi ba tare da an hura ko tsinke ba.

Wannan murhu yana da mai gadi. Can ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe da bai kai girman dabino ba, likitoci suna kiransa haifotalamas. Aikinsa irin na dutsen guga na lantarki ne, wanda kuke ji yana kunna kansa yana kashewa don kada ya huce, kada kuma ya ƙona riga. Jijiyoyin fata suna kai masa rahoton sanyin waje, shi kuma yana ɗanɗana zafin jinin da ke ratsa shi. Ba ya barci, ba ya kuma neman izininka.

Matakan da mai gadi ke ɗauka

Bari mu bi wani yaro mu gani. Almajiri ne ɗan shekara tara. An tashe shi kafin asalatu, ya yaye ɗan mayafinsa, ya fita tsakar tsangaya ƙafa ba takalmi, ya ɗauki buta ya yi alwala da ruwan da ya kwana a waje.

Abu na farko, mai gadi ya ba da umarni a tsuke hanyoyin jinin da ke fata da hannuwa da ƙafafu. Jini shi ke yawo da zafi a jiki. Idan ya yawaita a fata, iska ta sace. Sai a janye shi zuwa ciki, a tsare zuciya da sauran manyan kaya. Yatsun yaron suka yi sanyi ƙalau, suka ƙage, har alƙalami ya gagare shi riƙewa. Jiki ya yarda yatsu su wahala don ƙirji ya tsira. Wannan taruwar jini a ciki ita ce kuma ke sa ƙoda ta ga kamar ruwa ya yi yawa, shi ya sa fitsari ke damun mutane da sanyi.

Abu na biyu, tsigar jikinsa ta tashi. Kowane gashi yana da 'yar tsoka a gindinsa da ke miƙar da shi. Ga akuya ko kyanwa wannan dabara ce mai amfani, don gashin da ya miƙe yana riƙe iska mai ɗumi. Kaza ma da kuka ga ta kumbura gashinta a gindin rumbu, abin da take yi ke nan. Mu namu gashin bai taka kara ya karya ba, sai dai alamar.

Idan duk wannan bai isa ba, sai a zo ga abu na uku. Rufe ƙofa ya gaza, dole a ƙara itace. Sai muƙamuƙin yaron ya fara kaɗawa, haƙora suna haɗuwa kaf-kaf-kaf, wuya da kafaɗu da ƙirji suka ɗauka, daga nan abin ya sauka hannuwa da cinyoyi. Wannan ita ce rawar ɗari.

Ga sirrinta. Tsoka ita ce kusan kashi 40 cikin ɗari na nauyin babban namiji, kuma duk lokacin da ta motsa zafi take fitarwa. Idan kana noma, ka kasa ƙarfin da ka ƙona gida huɗu: kusan gida ɗaya ne ke tafiya a kan fartanya, gida uku zafi ne, shi ya sa kake zufa. A rawar ɗari kuwa tsokoki suna ɗamewa suna saki sau da dama cikin daƙiƙa ɗaya, mai lanƙwasa gaɓa da mai miƙe ta suna ja a lokaci guda, babu abin da aka ɗaga, babu inda aka je. Tunda ba aikin da aka yi, kusan dukkan ƙarfin sai ya koma zafi. 'Yan acaba za su fi kowa gane wannan. Ka kafe babur, ba ka sa giya ba, ka yi ta murza totur: ko taku ɗaya ba ka yi ba, amma taɓa injin ka ji. Idan rawar ta kai maƙura, takan ninka zafin da jiki ke samarwa har kusan sau biyar.

Ba mu kaɗai aka ba wannan baiwa ba. Ƙudan zuma idan sanyi ya matsa sukan dunƙule a cikin amya, suna karkaɗa tsokar fiffike ba tare da sun tashi ba, su riƙe wurin 'ya'yansu a wajen digiri 35. Abin da suke ƙonawa kuwa zumar da suka tara ce.

Kowace rawa da kuɗinta

Mu koma ga babur ɗin nan. Injin ya yi zafi, gaskiya ne, amma mai yana ƙarewa. Rawar ɗari sukarin jini take sha, da abin da aka ajiye a tsoka da hanta, da kitse. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Yaron da ya ci tuwo ya ƙoshi da dare zai iya yin rawarsa har rana ta fito ta karɓe shi. Wanda ya kwana da yunwa, tankinsa ba komai. Idan sukarin jini ya faɗi sosai, rawar ma ƙin zuwa take yi. Saboda haka kokon safe da ƙosai, kunun gyaɗa, kunun tsamiya, ɗumamen tuwo, duk kayan yaƙi da sanyi ne. Wanda ya miƙa wa almajiri kwanon ɗumame da asuba ya ba shi abinci, ya kuma ba shi bargo na ciki.

Rawar tana kuma gajiyar da zuciya da huhu, don tsokar da ke aiki tana neman ƙarin iska da jini. Saurayi ba zai ji komai ba. Dattijo mai ciwon zuciya ko mai asma, wannan nauyi ne a kansa. Masu sikila su ma sanyi na daga abubuwan da ke tayar musu da ciwo, saboda tsukewar hanyoyin jini da muka ambata. Don haka idan rawar ɗari ta kama ka, jiki magayi ne: yana gaya maka cewa ya fara cin ajiya, ka nemo masa agaji daga waje.

Ruwa da iska, manyan ɓarayin zafi

A nan Jigawa mun yi malamin da ya koya wa duniya darasi a kan wannan. Marigayi Malam Muhammad Bah Abba, wanda ya koyar a Dutse, ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya: a sa ƙarama cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Ruwa yana bushewa yana tafiya da zafi, sai tumatir da yalo su yi kwanaki ba su lalace ba. A shekarar 2000 aka ba shi kyautar Rolex saboda wannan aiki. Iyayenmu mata sun san asalin abin tun a randa da tulu.

To, jiƙaƙƙen mutum a cikin iskar hunturu tulu ne. Busasshiyar iska tana shan ruwan jikinsa, tana tafiya da zafinsa. Ruwa kuma yana jan zafi daga jiki fiye da iska har kusan sau 25. Mai ban ruwa da ya shiga kwari da asuba wandonsa ya jiƙe har gwiwa, sannan ya hau babur ya tsaga iska zuwa kasuwa, ya haɗa ɓarayi biyu a kansa. Rawar ɗari tana zuba ruwa, su kuma sun huda gindin tulun. Dabara mai sauƙi ce: busasshen kaya a leda, a canza kafin a hau hanya. Riguna biyu ko uku marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri, don iskar da ke tsakaninsu ita ce ke riƙe ɗumi. A toshe ƙirji daga iska, a rufe kai da kunne. A wajen kwanciya kuma, abin da ke ƙarƙashinka ya kai abin da ke samanka muhimmanci. Siminti yana tsotse zafi dare farai, ko kwali ko buhu aka shimfiɗa ƙarƙashin tabarma an rage asara.

Addininmu ma bai ɗora mana abin da zai halaka mu ba. Malamai suna karantar da mu labarin Sahabi Amru ɗan Asi, Allah ya yarda da shi, wanda wanka ya wajaba a kansa a wani dare mai tsananin sanyi a yaƙin Zatus Salasil, ya ji tsoron halaka, ya yi taimama ya ja sallah, kuma da labari ya kai ga Manzon Allah bai hana shi ba. Mu da muke da itace da tukunya, ɗuma wa yaro da tsoho ruwan alwala da na wanka ai ƙaramin aiki ne.

Waɗanda ba su da rawar

Yanzu na zo kan abin da ya fi damuna. Iyayena mata, ku tuna da kyau: wace ce a cikinku ta taɓa ganin jariri ɗan kwana uku yana rawar ɗari? Da wuya. Tsokarsa ba ta yi ƙwarin da za ta yi wannan aiki ba. Abin da Allah Ya ba shi a madadi wani kitse ne na musamman mai launin ƙasa-ƙasa, a tsakanin kafaɗu, da wuya, da kewayen ƙoda, wanda ke ƙonewa ya ba da zafi ba tare da motsi ba. Amma guzuri ne ɗan kaɗan, kuma bakwaini da wanda aka haifa ba nauyi nasu bai kai ko'ina ba. Ga kansa babba idan aka kwatanta da jikinsa, ga fata siririya, ga shi ya fito a jiƙe.

Ku hango abin da kan faru. An haihu da tsakar dare cikin Janairu. Ana ta fama da uwa, jariri yana gefe a kan zane. An yanke cibiya, an kawo ruwa, an yi masa wanka tas da sabulu don kada ya yi ƙarni. Kafin a gama ruwan ya huce, iska tana shigowa ta ƙarƙashin ƙofa. Jariri bai yi kyarma ba, kukansa ma ya ragu, sai a ce yaro mai haƙuri. Alhali zafinsa ne ke zurarewa. Alamominsa su ne tafin ƙafa da ciki su yi sanyi, ya ƙi kama nono, ya yi laushi, ya cika barci.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce zafin jariri ya kamata ya tsaya tsakanin 36.5 da 37.5. Shawararta ita ce a goge shi ya bushe nan take, a ɗora shi a ƙirjin uwarsa fata da fata, a lulluɓe su tare, a sa masa hula, a ba shi nono cikin sa'ar farko, a kuma jinkirta wanka har sa'a 24. A 1978, a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya, wani likita mai suna Edga Rey ya rasa isassun kwalaben renon bakwaini, sai ya koma ɗaure su a ƙirjin iyayensu mata dare da rana. Yau duniya ta karɓi wannan hanya, ana kiranta renon kangaru. Mu da muka gaji goyo, abin da aka nema a gare mu kawai shi ne a juyo da shi gaba, a cire rigar da ke tsakani. Uba ma zai iya karɓa idan uwa ta gaji, ba abin kunya ba ne.

Na biyu su ne tsofaffi. Da shekaru tsoka ke raguwa, jin sanyi a fata ya dushe, rawar ta yi rauni ko ta makara. Kaka tana iya cewa ba ta jin komai alhali ɗakinta kamar randa. Kada a tsaya ga tambaya. A shiga a taɓa ta, a duba shimfiɗarta.

Na uku su ne yara masu tamowa. Ba kitse, ba tsoka, ba sukari. Shi ya sa a asibiti, idan aka kawo irin wannan yaro, cikin abubuwan farko da ake yi akwai ba shi abin da zai ɗaga sukarin jininsa da kuma ɗumama shi.

Rawar da ba ta sanyi ba

Wani zai ce: to mai masassara fa, da ke kyarma da tsakar rana, jikinsa kamar garwashi, yana kiran a ƙaro bargo? Tambaya ce mai kyau. A nan cuta ce ta sa mai gadi ya ɗaga ma'auninsa. Da 37 yake nema, yanzu ya koma neman 39 ko 40 don yaƙi da ƙwayar cuta. Jikin da ke 37 sai ya ga kansa a cikin sanyi, ya tsuke fata, ya kama rawa har ya kai inda aka ce. A zazzaɓin cizon sauro hakan na faruwa ne idan ƙwayoyin cutar suka fasa ƙwayoyin jini suka fito. Shi ya sa abin ke zuwa daki-daki: sanyi da kyarma, sai zafi, sai zufa ta karyo idan ma'auni ya koma wurinsa.

Bambancewa ba wuya. Taɓa wuya ko ciki. Idan fata da sanyi, kuma rawar ta lafa bayan an rufa an sha abu mai ɗumi, ɗari ne. Idan jiki ya yi zafi rau, zazzaɓi ne: kada a danne yaro da barguna, a ba shi ruwa ko nono, a kai shi a gwada jini, don ba kowane zazzaɓi ne na sauro ba, kuma limoniya tana yawa a wannan lokaci na ƙura. Mai jego da ta yi kyarma jim kaɗan bayan haihuwa, wannan yakan faru ya wuce. Amma kyarma da zazzaɓi bayan kwana biyu ko uku maganar asibiti ce. A kuma rarrabe rawar ɗari da jijjiga. Mai rawar ɗari yana cikin hayyacinsa, ka kira shi ya amsa. Mai jijjiga ba ya amsawa, ido ya kafe ko ya juye. Wannan ba a jira da shi.

Idan rawar ta tsaya

Rawar ɗari takan tsaya saboda ɗaya daga dalili biyu: ko mutum ya ɗumama, ko ya ƙare. Idan zafin ciki ya gangaro wajen 32 zuwa 30, jiki yakan saki rawar gaba ɗaya. Mutumin da aka tsamo daga kogi, ko aka tsinta a kwance a waje da asuba, idan yana kyarma da ƙarfi yana magana, jikinsa yana kan yaƙi. Idan jikinsa sanyi ƙalau amma ba ya kyarma, harshe ya yi nauyi, yana tangaɗi ko barci na fizgarsa, wannan shi ne na gaggawa.

A ɗauke shi a hankali zuwa inda ba iska, a cire jiƙaƙƙen kaya, a raba shi da ƙasa, a rufe kai da wuya da ƙirji tukuna. Idan yana iya haɗiya, a ba shi shayi ko kunu mai sukari. Idan ba ya cikin hayyacinsa, kada a ɗura masa komai. Kada a murza masa hannu da ƙafa, kada a tsoma shi a ruwan zafi, kada a kanga shi da wuta, don fatar da ta daskare ba ta jin ƙuna sai ta salle. Sannan a nufi asibiti mafi kusa. Idan abin ya fi ƙarfinsu, su za su tura Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu.

Gargaɗi ɗaya a kan jin ɗumi. Kaskon gawayi a ɗaki rufaffe yana fitar da iskar guba da ba ta da launi, ba ta da wari. Takan fara da ciwon kai da jiri, ta sa barci, mutum ya wuce daga nan. A ɗuma ɗaki, a fitar da kasko kafin a kwanta, a bar kafar iska. Yara masu rarrafe da masu farfaɗiya kuma kada a bar su su kaɗai kusa da wuta.

Kammalawa

Jama'a, duk wanda rawar ɗari ta kama gobe da asuba, ya daina jin kunya, ya gode wa Allah da murhunsa ke aiki, ya nemi busasshiyar riga da abin da zai sa a ciki. Roƙona shi ne mu karkata ido ga waɗanda ba sa kyarma. Magidanta, kafin ku kwanta yau ku leƙa ɗakin tsohuwa. Iyayenmu ungozomomi, a bar wankan jariri sai gobe, a ɗora shi a ƙirjin uwarsa. Malaman tsangaya, a duba wane yaro ne yake kwana a kan siminti. Masu hali, tsohon bargon da ke ƙasan akwati yana da mai shi a unguwarku, ku fitar da shi tun kafin hunturu ya wuce.

Allah ya ba mu lafiya da zaman lafiya, ya sa mu ga bazara da ranmu.